Kocina ya hana shan ruwa a fili: in na saɓa masa, na yi butulci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina taya kocinmu horar da yara 'yan tsere da 'yan ƙwallo, masu shekara 14 zuwa 19. Shi ya raine ni tun ina firamare, shi ya saya mini takalmin gudu na farko, duk abin da na sani a hannunsa na koya. Ƙa'idarsa ita ce ba a shan ruwa sai an tashi atisaye, kuma yaron da bai yi amai ba ranar zagaye, to bai yi aiki ba. Mu ma haka aka yi mana. A watan Afrilun da ya wuce, wajen ƙarfe huɗu na yamma, wani yaro ya yanke jiki ya faɗi a zagaye na takwas, yana surutai, bai gane kowa ba. Allah Ya yi da sauran kwana a gaba. Tun ranar barcina bai cika ba. Na shiga kallon masu horarwa na ƙasashen waje a YouTube, kowa da abin da yake faɗa, kaina ya ƙara ɗaurewa. Ina so in canza tsari, amma ina tsoron a ce na yi wa maigidana butulci. Wace hanya zan bi, kuma yaya mutum yake samun tsarin horo nasa na kansa?

Daga wani mataimakin koci, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ƙara wa yaron nan lafiya. Kafin mu shiga zancen tsari, kada ya sake sa ƙafa a fili sai likita ya duba shi, an gwada ƙodarsa da hantarsa, an kuma san nau'in jininsa na gado, AA ne ko AS, wato mai ɗauke da gadon sikila. Surutai da rashin gane mutane a tsakar rana ba suman gajiya ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta fara dahuwa. Wannan yaron bakin kabari ya leƙa ya dawo, kuma rashin barcin da kake yi shi ne alamar da ta sa na yarda za ka zama koci.

Batun butulci kuwa, bari in ba ka labarin wata silsila da ta taɓo ƙasar nan. A Jami'ar San Jose ta Amurka an yi wani koci mai suna Bud Winter. Lokacin yaƙin duniya na biyu aikinsa koya wa matuƙan jiragen yaƙi yadda za su saki jiki su natsu a cikin tashin hankali. Da ya koma fili sai ya ɗauko wannan tunanin ya ɗora a kan tsere: mai gudu ya saki muƙamuƙi, ya saki hannu, kada ya cije baki yana kokawa da jikinsa, domin tsokar da ta ƙanƙame birki ce. A hannunsa Tommie Smith da Lee Evans suka fito. Evans ya ci zinare a mita 400 a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 da daƙiƙa 43.86, bajintar da ta yi kusan shekara 20 ba a karya ba, daga baya ya zo Najeriya ya yi shekaru yana horar da 'yan tserenmu, a Legas ma ya rasu a 2021. Wani ɗalibin Winter ɗin, Dennis Johnson, ya koma gida Jamaika ya kafa shirin horar da 'yan tsere a kwalejin fasaha ta Kingston, harabar da daga baya su Asafa Powell da Shelly-Ann Fraser-Pryce suka yi atisaye a cikinta. Abin da ya yi tafiya daga Amurka zuwa Legas da Kingston ba jadawalin Litinin zuwa Asabar ba ne. Tunani ɗaya ne game da yadda jikin ɗan'adam yake gudu, kowa ya kai shi ƙasar da ya sauka ya gyara shi daidai da yaran da ke gabansa.

Haka Arthur Lydiard na Niyuzilan, wanda sana'arsa aikin takalma da raba madara. A jikinsa ya yi gwajin gudun nesa har ya tsaya a kan kusan kilomita 160 a mako don gina numfashi, kafin a shiga hawan tudu, kafin a shiga gudun sauri. A gasar Olamfik ta Rum a 1960 ɗalibansa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinare a yini guda. Bill Bowerman na Jami'ar Oregon ya je wurinsa a 1962, ya koyo abin da ya koyo, amma bai dawo ya ɗora wa kowane ɗalibi kilomita 160 ba. Ya riƙe ƙa'idarsa ta cewa duk ranar wuya sai ranar sauƙi ta biyo bayanta, wani ma sai ya ba shi kwana biyu. Ba wanda ya kira shi butulu, Lydiard ɗin ma bai kira shi ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Colm O'Connell, ɗan Ayilan da ya je makarantar St. Patrick da ke Iten a Kenya a 1976 don koyar da labarin ƙasa. Bai san komai game da horo ba. Ya koya ne daga kocin da ya tarar, da kuma zama yana kallon yara, wane ne ya tashi da nauyin ƙafa yau, wane ne hankalinsa yake gida. A hannunsa David Rudisha ya taso, wanda ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Ka riƙe wannan kallon, zan dawo kansa.

Game da YouTube, ka ci gaba da kallo, amma da tambaya uku a bakinka: su wa yake horarwa, a wane yanayi, me suke ci kuma awa nawa suke barci? Iten tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, da safe sai da rigar sanyi. Kai kana Gusau a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, yaronka ya yi wunin makaranta, wataƙila ya yi tallan yamma, abin da ke cikinsa koko da ƙosai ne tun safe. Ni ma na yi wannan wautar. Shekarata ta farko na kwafo jadawalin wani babban koci daga littafi, layi bisa layi, na ɗora wa 'yan sakandare. Kafin mako shida ya cika, huɗu daga cikinsu na ɗingishi da ciwon ƙwauri. Tsohon da ya koya mini aiki bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi littafin, ya juya shi, ya ce: "Mai littafin nan ya san sunan yaranka?" Ya miƙo mini, ya ci gaba da shan shayinsa.

To yanzu mu zo kan abin da yake ƙona mini rai, don kusan kullum sai na ci karo da shi: wai ƙishirwa tana ƙara juriya. Wai ruwa yana sa nauyin jiki, yana sa ciwon gefen ciki, yana mayar da namiji rago. Na ji wannan a filayen unguwa, na ji a makarantun kwana, na ji a bakin mutanen da ke rataye da usur da takardar shaidar kwas na kwana uku, kwas ɗin da aka ci shinkafa aka ɗauki hoto aka watse ba a taɓa ambaton zafin jiki ba.

Ka sani kocinka ba shi ya ƙirƙiro wannan ba. Gado ne, kuma ba namu kaɗai ba. Turawan da ake kwaikwayo sun yi shi, har sai da gawa ta koya musu. A 1954 wani shahararren kocin ƙwallon Amurka, Bear Bryant, ya kwashi 'yan wasan Jami'ar Texas A&M ya kai su wani ƙauye mai suna Junction a tsakiyar fari, kwana goma ana gasa su a rana, ruwa a fili sai dai a gani a mafarki. Fiye da rabinsu suka gudu. Har yau ana ba da labarin a matsayin jarumta, amma ba a cika faɗin ƙarshensa ba: wasa goma suka buga a kakar, ɗaya tak suka ci. A 2001 Korey Stringer, ƙato ɗan shekara 27 da ke buga wa ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Minnesota Vikings, ya faɗi a sansanin atisaye, zafin jikinsa ya haura digiri 42, ya rasu, alhali ƙungiyar tana da likitoci da kuɗin da babu filin unguwar da zai taɓa gani. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Burazil alƙalin wasa ya tsayar da wasan Holan da Meziko a Fortaleza don kawai a sha ruwa a huce. A gasar tsere ta duniya a Doha a 2019, da tsakar dare aka fara gudun famfalaƙin mata don gudun rana, duk da haka 28 cikin 68 ba su kai ƙarshe ba. Waɗannan su ne gwanayen duniya. Sai yaron Gusau mai shekara 15 ne za a ce masa ya yi haƙuri sai an tashi?

Jiki yana sabawa da zafi, wannan gaskiya ne, kuma a nan tsofaffinmu suka ga rabin gaskiya suka ɗauka duka ce. Cikin kwana 10 zuwa 14 na atisaye a zafi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ruwan jini yana ƙaruwa, gumi yana fara fita da wuri, yana fita da yawa, gishirin da ke cikinsa yana raguwa, bugun zuciya yana sauka. Ka lura da abin da na ce: gumi yana ƙaruwa. Wato jikin da ya saba da zafi ya fi buƙatar ruwa, ba ragewa yake yi ba. Jiki yana koyon zafi, amma ba ya koyon ƙishirwa. Mutum ba raƙumi ba ne. In ka hana ruwa, ribar sabon da ka sha wuya ka tara ita ce farkon abin da ke zubewa, domin jinin ya ragu, zuciya kuma tana raba ɗan abin da ya rage tsakanin tsoka mai neman iska da fata mai neman sanyaya jiki. Ɗaya sai ta rasa.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka ari sikeli ka auna yaro kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, ledar fiyawata biyu ke nan. A zafinmu yaro yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Da zarar asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, gudunsa ya fara lalacewa, tunaninsa ma haka. Ga mai kilo 60, kilo 1.2 ne kacal. Ka kuma riƙe agogo ka rubuta lokacin kowane zagaye. Za ka ga na shida da na bakwai da na takwas suna ta ja da baya. Wannan ba horon sauri ba ne, koya wa jiki gudu a hankali cikin azaba ne.

Amai kuma ba lambar yabo ba ce. Jini ne ya bar hanji ya tafi tsoka, ga zafi, ga tsamin da ya taru, ciki ya ce ba zai iya ba. Ɗan mita 400 yana iya yin amai jefi-jefi bayan aiki mai nauyi, ba a kiran motar asibiti don wannan. Amma kocin da ya mayar da amai ma'aunin aiki ya nuna bai da wani ma'aunin. Sa yaro amai ba gwaninta ba ce, kowane mugu mai usur zai iya cikin minti ashirin. Gwaninta ita ce yaron ya fi na bara gudu, kuma yana nan da ƙafafunsa. Ka san dai ƙa'idar da ake koya wa kowa tun ajin farko, cewa ƙarfi ba a cikin aikin yake zuwa ba, a hutun da ke bayansa yake zuwa. Mun haddace ta don jarrabawa, mun bar ta a aji.

Akwai abu biyu da suka sa wannan al'adar ta fi haɗari a wurinmu. Na farko, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. In kana da yara 24 a fili, ka ƙaddara wajen shida suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Mai AS yana wasa, yana zama zakara, ba cuta gare shi ba, kuma kada wani ya kore shi daga fili. Sai dai in aka haɗa masa gudun ƙure ƙarfi a jere ba hutu, ga zafi, ga ƙishirwa, ko yana fama da zazzaɓi, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, tsoka ta fara mutuwa. Irin wannan faɗuwar tana zuwa da wuri, wani lokaci cikin mintunan farko. Yaron zai sulale ƙasa, ƙafafu sun saki, ba su ɗaure kamar na mai ɗaurewar jijiya ba, yana ma iya magana. Shi ya sa ake ce masa ƙarya yake, tashi. Jami'o'in Amurka na babban rukuni sun shigar da gwajin wannan jini cikin ƙa'idarsu tun 2010, bayan mutuwar ɗalibai, su da masu AS ɗinsu ba su kai namu ba ko kusa. Mu kuma gwajin yana nan a kusan kowane ɗakin gwaji na gari, amma sai za a yi aure ake tunawa da shi.

Na biyu, abin da muke yi in yaro ya faɗi. Na tsaya a fili na ga an kewaye yaro an toshe masa iska, wannan yana tura masa cokali a baki, wancan yana murza masa albasa a hanci, wata ta ce iska ce ta taɓa shi a kawo turare, wani ya ruga kemis ya dawo da farasitamol da madarar gwangwani. Addu'a kam a yi, amma hannu yana aiki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, hantar da ke cikin wahala ma yake ƙara wa kaya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai, shaƙewa zai yi. Kuma kada gumi ya ruɗe ka, mai bugun zafi na atisaye yakan kasance sharkaf da gumi. Abin yi ɗaya ne: a sanyaya shi nan take, tun kafin a nemi mota. A kai inuwa, a tuɓe riga da takalmi, a tsoma gangar jikinsa cikin ruwa mafi sanyi da ake da shi, kai a waje, wani yana riƙe da shi. In babu baho, a shimfiɗa tamfol a kama gefunansa, a zuba ruwa da ƙanƙara ana motsawa. In babu, a yi ta kwarara ruwan randa ana fifita ba tsayawa. Minti 30 na farko su ne rai. Wanda aka sauke zafinsa a cikinsu kusan kullum yana tashi, wanda aka cusa a bayan a-daidaita-sahu da zafinsa aka yi ta yawon neman asibiti, shi ne ake rasawa ko ƙoda ta tafi. Bayan an sanyaya, asibiti dole. Kuma duk yaron da ya ce maka fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara kwana ɗaya ko biyu bayan gwale-gwale ko tsallen kwaɗo ɗari, tsokarsa ce take narkewa tana bi ta ƙoda, ranar zai ga likita.

Na san amsar da za a ba ka: ai muna azumi a bazara ba mu mutu ba. Mai azumi ba ya zagaye takwas da ƙarfe huɗu don neman lada, kuma addinin da ya wajabta azumin shi ya sauƙaƙa wa mara lafiya da matafiyi. A watan azumi aiki mai sauƙi ake yi dab da buɗa-baki, mai nauyi a bari sai dare bayan an ci an sha. Manomi ma da asuba yake fita, kafin rana ta take ya nemi gindin bishiya da gorarsa. Ba wanda ya taɓa ce masa rago. Kuma mu ji tsoron Allah, yaran nan amana ce. Uwa ta wanke wa ɗanta riga ta sallame shi ya zo wurinka don tana ganin ya fi zaman banza a bakin titi. Ba ta ba ka shi don ka gwada iyakar ransa ba. Waɗanda ke cewa "mu haka aka yi mana, ga mu nan" su ne waɗanda suka rage. Waɗanda suka bar wasa da ciwon gwiwa, da waɗanda aka ce ajali ne aka binne, ba a tambayarsu ra'ayi.

Ba kuma cewa na yi a ɗura wa yara ruwa kamar jarka ba, shan da ya wuce kima shi ma yana da nasa haɗarin. Ruwa ya kasance a gefen fili, a tsaya duk minti 15 zuwa 20 a zafi, kowa ya sha daidai ƙishinsa, in aikin ya wuce awa a haɗa da ruwan gishiri da sukari.

Tsarin kanka da kake tambaya ba a zaune ake ƙirƙiro shi ba. Ka sayi littafin rubutu mai kauri. Kullum ka rubuta abin da aka yi, ƙarfe nawa, yanayin rana, lokacin kowane yaro, wa ya yi barci, wa ya karya kumallo, wa ya zo fuska a murtuke. Wannan shi ne kallon da na ce ka riƙe. Duk abin da ka gada, daga kocinka ko daga intanet ko daga gare ni, ka tambaye shi: me yake ginawa a jiki, kuma ta yaya zan gane ya gina? Za ka tarar da yawa daga kayan tsohon suna da amsa mai kyau. Mutumin da ya tara yara shekara da shekaru ba albashi, ya saya wa ɗan wani takalmi daga aljihunsa, ya san wanda zai yi 800 tun daga tafiyarsa, yana da ilimin da babu shi a bidiyo. Wannan ka riƙe da hannu biyu. Hana ruwa da neman amai su ne ba su da amsa.

Kada ka tunkare shi a gaban yara, kada kuma ka je masa da waya kana cewa ga abin da Bature ya ce. Ka same shi a gida bayan magariba, ka gaishe shi yadda ka saba. Ina tabbatar maka shi ma ranar nan ba ta bar zuciyarsa ba, girma ne ya hana shi faɗa. Ka ce masa: "Baba, tun faɗuwar yaron nan hankalina bai kwanta ba, ina neman izini in gwada wani abu na mako shida ƙarƙashin kulawarka." Ka roƙi a mayar da aiki mai nauyi bayan sallar asuba daga Maris zuwa saukar damina, a ajiye jarka biyu da baho a gefen fili, a sa iyaye su kai yara gwajin jini. Agogon kuma ka miƙa masa, shi zai riƙa ɗaukar lokacin da hannunsa yana faɗa kana rubutawa. In ya amince, ka bar shi ya sanar da yara da bakinsa a matsayin sabuwar dokarsa. In ya ƙi, ka ci gaba da gaishe shi da zuwa masa sallah, amma ka gaya masa cikin ladabi cewa ba za ka sake busa usur a atisayen da babu ruwa ba, ranar Asabar kuma ka zo da jarkarka a bayan babur.